Yadda Baƙo Zai Zagaya Birnin Iskandariya a Wuni Ɗaya

Wanda zama ya kai shi Alƙahira, ko don karatu a Azhar, ko jinya, ko fatauci, da wuya ya yi wata guda ba a ce masa ya leƙa Iskandariya ba. Yawanci kuma wuni ɗaya ne ke samuwa, a fita da asuba a komo bayan isha'i. Wannan jagora ta wanda ke da wannan wuni ɗaya ce, bai kuma taɓa sa ƙafa a garin ba.

Abin da ya kamata ka fara sani shi ne siffar garin. Iskandariya ba a dunƙule take ba kamar Kano ko Zariya, inda mutum ke zagaye ya komo tsakiya. Doguwa ce siririya, ta miƙe a gaɓar Bahar Rum fiye da kilomita 30, teku tana arewa da ita, tafkin Maryut yana kudu. Wanda ya ɗauki aniyar ganin komai zai ƙarar da wuninsa a cikin mota, yana hangen ruwa ta taga. Saboda haka shawarata ita ce ka tsaya a tsohon gari, wato yankin da ya kewaye mashigin ruwan gabas, wanda ya lanƙwashe kamar jinjirin wata: a bakinsa na yamma akwai ganuwar Ƙaitbay, kusa da bakinsa na gabas akwai sabon ɗakin karatu, tsakaninsu kuwa kimanin kilomita 4 ne ta titin gaɓa da ake kira Kurnish. Duk abin da zan lissafa yana kan wannan lanƙwasa ne ko ɗan kudu da ita. Idan ka ɓace, ka tambayi inda teku take, ka nufe ta. Daga nan hanya za ta sake bayyana maka. Lokutan salla kuma su ne za su raba maka wunin, domin masallatan da za ka yi salla a cikinsu suna cikin manyan abubuwan da ka zo gani.

Shirin da ake yi tun kafin ranar

Ka zaɓi rana tsakanin Lahadi da Alhamis. Juma'a da Asabar su ne hutun mako a Masar, kuma a ranakun nan mutanen Alƙahira kan kwararo gaɓar teku, ɗakin karatu ma lokutansa na aiki sukan ragu ko a rufe shi gaba ɗaya, don haka ka duba shafinsa na intanet a daren da za ka tafi. Watannin Yuli da Agusta sun fi kowane lokaci cunkoso, ga zafi mai danshi irin wanda ɗan arewa bai saba da shi ba. Daga Disamba zuwa Fabrairu kuwa nan ne daminar garin, akasin namu hunturun da ba a ruwa: iska mai ƙarfi da mutanen garin ke kira nawwa takan taso da ruwan sama, raƙuman ruwa su riƙa tsallake katangar gaɓa suna zuba a kan titi. Maris, Afrilu, Oktoba da Nuwamba sun fi daɗin yawo. Ka kuma tuna cewa tun 2023 Masar ta komo da al'adar tura agogo gaba da awa ɗaya daga ƙarshen Afrilu zuwa ƙarshen Oktoba, don haka azahar takan shiga wajen ƙarfe 1 a waɗannan watanni, a sauran kuwa wajen ƙarfe 12.

Kayan da za ka ɗauka kaɗan ne, amma kowanne da aikinsa. Fasfo ɗinka na asali ya kasance a jikinka, domin ana neman sa wajen sayen tikitin jirgi, jami'an tsaro ma suna iya tambaya. Idan ɗalibi ne kai, ka haɗa da katin makaranta, tunda wuraren tarihi suna da rangwame ga ɗalibai, baƙo kuma kuɗin shigarsa ya fi na ɗan ƙasa nesa ba kusa ba. Ka riƙe katin banki mai aiki, saboda yawancin wuraren tarihin da ke hannun gwamnati sun daina karɓar tsabar kuɗi a ƙofa, sai kati. Duk da haka ka canza ƙananan takardun fam na Masar masu yawa, na biyar da goma da ashirin, domin direban tasi, mai ajiye takalma a masallaci da mai kula da bayan gida duk ba su cika samun canji ba. Takalmi ya zama mai rufi wanda ba ya santsi, ba silifa ba, kuma ko da rani ne ka sa riga mai ɗan kauri a jaka, domin iskar teku bayan magariba tana da sanyi. Jakar ta zama ƙarama. Ka sauke taswirar garin a wayarka tun kana gida, ka cika batir.

Wanda ya yi karatun Larabci a gida zai iya magana da shi, za a kuma fahimce shi, amma kunnensa zai ɗan sha wahala, domin mutanen nan suna furta jimun kamar g, ƙafun kuma sukan haɗiye ta. Kalmomi huɗu sun ishe ka wunin: bikam, wato nawa ne, fen, wato ina, ya usɗa, yadda ake kiran direba cikin mutunci, da ala gamb, abin da ake faɗa idan ana son mota ta tsaya a sauka.

Jirgin asuba

Tsakanin Alƙahira da Iskandariya kimanin kilomita 220 ne. Jirgin ƙasa daga tashar Ramsis ya fi mota natsuwa, kuma mai saurin cikinsu yakan yi awa biyu da rabi zuwa uku. Ka sayi tikitin zuwa da na dawowa tare, kwana ɗaya ko biyu kafin tafiyar, a tagar da aka keɓe wa baƙi, ka nemi jirgi mai sanyaya ɗaki da kujera mai lamba wanda zai sauke ka wajen ƙarfe 9 na safe. Tikitin dawowa ya fi na zuwa muhimmanci, domin jiragen dare sukan cika, kuma wanda bai saya da wuri ba yakan ƙare a tashar mota yana ciniki cikin gajiya.

Iskandariya tana da manyan tashoshi biyu, kuma a nan baƙi da yawa suke yin kuskuren farko. Jirgin yakan fara tsayawa a Sidi Gabir, mutane da dama su sauka, baƙo ya ga haka ya ɗauka an iso. Kada ka tashi. Tasharka ita ce ta ƙarshe, wadda ake kira Mahaɗɗat Misr, a tsakiyar tsohon gari. Nisan tafiyar ya wuce na ƙasaru, don haka wanda ya yi salla shi kaɗai yana da wannan sauƙi. Wanda ya bi limamin gari kuwa sai ya cika.

Daf da tashar akwai Kom al-Dikka, inda masu tonon tarihi daga ƙasar Folan suka fara aiki a 1960, suka tono ƙaramin dandalin Rumawa mai matakalan zama 13 na farin dutse, da jerin ɗakunan karatu na wancan zamani. Idan jirginka ya iso da wuri, rabin awa ta ishe shi. Idan ya makara, ka wuce shi ba tare da damuwa ba.

Safiya: kudu da gari

Ka fara da abin da ya fi nisa da teku, tun rana ba ta yi zafi ba, tun kuma manyan motocin 'yan yawon buɗe ido ba su iso ba. Tasin garin baƙi da rawaya ne, kuma ba su cika aiki da mita ba, don haka ko dai ka kira mota ta manhajar waya, ko ka daidaita da direba kafin ka shiga. Ka ce masa Kom al-Shuƙafa, a unguwar Karmuz.

Wurin maƙabarta ce da aka sassaƙa a cikin dutse a ƙarƙashin ƙasa, hawa uku, tun ƙarni na 2 bayan haihuwar Annabi Isa. An gano ta a 1900, kuma labarin da ake bayarwa shi ne jaki ne ya rufta a wani rami, aka bi shi aka tarar da ita. Ana sauka ta wata matakala mai murɗewa da ta kewaye rijiya, wadda ta cikinta ake zura gawa da igiya. A hawa na farko za ka ga ɗaki mai dakali uku inda dangin mamaci ke zama su ci abinci, kuma daga tarin fasassun tukwanen da suke bari a waje wurin ya samo sunansa, wato tudun tsingaro. Babban ɗakin kabari yana hawa na biyu, kuma shi ne ya cancanci ka daɗe a gabansa, domin a nan za ka ga yadda al'adu uku suka cakuɗa a hannun masassaƙi ɗaya: abin bautar tsoffin Misirawa mai kan dila an sa masa kayan sojan Rum, ginshiƙai na Masar, ado na Girka. Wanda ke da ciwon gwiwa, ko wanda ƙuntataccen wuri ke sa shi haki, ya tsaya a hawa na farko. Minti 40 sun isa.

Daga nan tafiyar ƙafa ce ta kamar minti goma, ta cikin unguwar talakawa mai cike da masu gyaran mota da masu sayar da kayan miya, zuwa Amud al-Sawari. Ginshiƙi ne na jan dutsen Aswan, tsayinsa da gindinsa da kansa kusan mita 27, jikinsa kuma dutse guda ne ba haɗi. Turawan da suka zo daga baya sun laƙaba masa sunan Fombe, jarumin Rum, amma kuskure ne: an kafa shi ne don girmama sarki Diyokilishiyan wajen shekara ta 300. A nan babban haikalin Serafis, abin bautar mutanen garin na da, yake kafin a rushe shi a 391. Gaskiyar magana, ban da ginshiƙin da gumaka biyu masu jikin zaki babu abu mai yawa da ya rage, don haka kada ka ba shi fiye da minti 20. Abin da ya kamata ka tsaya ka yi tunani a kansa shi ne yadda aka ɗauko dutse guda mai tsawon mita 20 daga can kudancin Masar ta kogin Nilu, aka kuma tsayar da shi ba da inji ba.

Hantsi: ganuwar Ƙaitbay

Ka sake ɗaukar tasi, ka ce al-Ƙal'a. Yayin da motar ke ratsa unguwannin Manshiya da Anfushi, ka sani cewa ƙasar da kake tafiya a kanta ruwa ce a da. Lokacin da Iskandar na Makedoniya ya kafa garin a shekara ta 331 kafin haihuwar Annabi Isa, akwai wani tsibiri mai suna Faros a gabansa. Aka gina hanya ta dutse mai tsawon fiye da kilomita ɗaya ta haɗa su, yashi ya yi ta taruwa a gefenta ɗaruruwan shekaru har ta zama unguwanni. Wannan hanya ce ta raba mashigin ruwa gida biyu, na yamma inda manyan jiragen kaya ke tsayawa a yau, da na gabas inda kwale-kwalen masunta suke.

A ƙarshen tsibirin ne aka gina hasumiyar nan mai haska wa jirage hanya, wadda tsayinta ya haura mita 100, aka kuma lissafa ta cikin abubuwan al'ajabi bakwai na tsohuwar duniya. Girgizar ƙasa ce ta ci ta sannu a hankali, musamman ta 1303 da ta 1323. Ibn Baɗuɗa ya gan ta a 1326 gefe guda ya zube, da ya komo a 1349 kuwa ya tarar ba ta shiguwa. A kan harsashinta ne Sarkin Masar na daular Mamluk, al-Ashraf Ƙaitbay, ya gina wannan ganuwa daga 1477 zuwa 1479, don tsare gaɓa daga harin teku, aka kuma yi amfani da wasu duwatsun hasumiyar a ginin. Idan ka lura da ƙofar babban ginin ciki za ka ga manyan jajayen duwatsu da suka bambanta da farin dutsen sauran bangon. Jiragen yaƙin Ingila sun yi wa ganuwar ruwan wuta a Yulin 1882, don haka wani ɓangare na abin da kake gani gyara ne na baya. A 1994 masu ninƙaya daga Faransa suka tarar da manyan duwatsu da gumaka birjik a ƙarƙashin ruwa, gab da katangar.

Ka shiga babban ginin tukuna, ka ga ƙaramin masallacin da ke tsakiyarsa mai daɓen dutse launi-launi, ka hau sama ka leƙa ta ƙananan tagogin maharba, sannan ka fito ka zagaya kan katanga. Daga gefen kudu za ka ga garin gaba ɗaya ya lanƙwashe a gabanka, har rufin ɗakin karatu yana ƙyalli a can ƙarshe, kuma wannan kallo shi zai zaunar maka da taswirar garin a ka fiye da kowace waya. Daga gefen arewa kuwa babu komai sai ruwa. Wanda ya tashi a inda babban ruwan da ya sani shi ne gulbi ko dam, ya ba kansa lokaci a nan, kada ya yi gaggawa.

Gargaɗi biyu. Kada ka sauka kan manyan tubalan kankaren da ke tare igiyar ruwa don ɗaukar hoto, domin gansakuka ta sa su santsi, kuma igiya ɗaya cikin goma takan zo da ƙarfin da ba a zata ba. Kada kuma ka ɗauki hoton soja, ɗan sanda, ko fadar Ras al-Tin da ke yamma, inda Sarki Faruƙ ya sauka daga mulki a ranar 26 ga Yulin 1952. Wurin yana ƙarƙashin tsaro, kuma ba a wasa da wannan doka a Masar.

Azahar: dandalin masallatai

Daga ganuwa ka bi gaɓa a ƙafa, ruwa yana hannunka na hagu, ka wuce inda masunta ke ɗinkin koma da inda ake ɗaure kwale-kwale. Cikin minti 15 zuwa 20 za ka hango ƙubbobi masu launin ƙasa-ƙasa da doguwar hasumiya a dama. Nan ne Midan al-Masajid, kuma a ganina shi ne zuciyar wannan tafiya ga duk wanda ya taso a zauren karatu na ƙasar Hausa.

Babban masallacin na Abul Abbas al-Mursi ne. An haife shi a Mursiya ta Andalus a 1219, ya haɗu da Shehu Abul Hasan al-Shazili a Tunis, ya biyo shi Iskandariya, ya gaje shi a jagorancin ɗariƙar Shaziliyya, ya rasu a nan a 1287. Cikin almajiransa akwai Ibn Aɗa'illah, wanda malamanmu ke karantar da hikimominsa har yau. Ginin da ke tsaye yanzu sabo ne idan aka kwatanta da kabarin, domin an kammala shi ne a tsakiyar shekarun 1940, masu zanen gini biyu 'yan Italiya, Eugenio Valzania da Mario Rossi, suka tsara shi a kan salon Mamluk. Cikinsa kusurwa takwas ne. Ka tsaya a tsakiya ka ɗaga kai ka dubi adon rufin, sannan ka nemi sahu. Mata suna da ƙofarsu da ɓangarensu daban, sai a tambayi mai gadi.

Bayan an sallame kada ka tafi. 'Yan taku kaɗan daga nan, ta gefen teku, akwai masallacin Imam al-Busiri, mai Burda da Hamziyya, wanda shi ma almajirin al-Mursi ne, kuma mutanen garin suna cewa a nan kabarinsa yake. Ya fi na malaminsa ƙanƙanta da shiru, kuma an rubuta baitocin Burda a jikin bangonsa da kyakkyawan rubutu. Wanda ya saba jin waɗannan baitoci a daren Mauludi a Kano ko Katsina ko Damagaram, da karin da aka gada kaka da kakanni, zai ji wani abu idan ya tsaya yana bin su da ido a garin da mai su ya zauna gaban malaminsa. Na san mutane sun bambanta a kan ziyarar kaburburan salihai, kowa kuma ya bi abin da ya karanta a wurin malamansa. Amma ko wanda salla kawai ta kawo shi, ya dace ya san a ƙasar su wa yake tsaye. A dandalin dai akwai masallacin Yaƙut al-Arsh, wani almajirin al-Mursi da ya fito daga Habasha.

Za ka tarar da mabarata da masu miƙo turare ko carbi a bakin ƙofa. Ka ba mai ajiye takalma ɗan abin da ya sauƙaƙa, wanda kuma ba ka son kayansa ka ce masa shukran sau ɗaya ka wuce, ba tare da ka karɓa a hannu ba, domin abin da ka riƙe ana ɗaukar ka saya.

Abincin rana

Unguwar da kake ciki ana kiranta Bahari, kuma nan ne gidan kifi. Tsarin gidajen cin kifi ya bambanta da wanda muka saba, don haka ga yadda yake. Ba a zama a jira takarda. Ana zuwa wurin da aka shimfiɗa ɗanyen kifi a kan ƙanƙara, ka nuna wanda kake so, a ɗora a sikeli a gabanka. Ka tambayi kuɗin kilo kafin a auna, ka kuma tambaya ko kuɗin gashi da na ƙananan kwanukan da za a jero maka, na salak da niƙaƙƙen riɗi da gautar turawa, suna ciki ko daban ne. Ka duba idon kifin ya zama garau, cikin kunnensa ja. Sannan ka faɗi yadda za a yi shi: mashwi gasasshe ne, maƙli soyayye, singari kuwa a tsaga shi a buɗe, a zuba masa tumatir da albasa da tattasai a gasa a tanda. Buri da denis da ƙarus su ne kifayen da aka fi samu. Ana haɗawa da shinkafa mai launin ƙasa da aka dafa da soyayyar albasa. Wanda bai taɓa cin jatan lande ko ƙaguwa ba, kada ya fara yau, yana da jirgin awa uku a gabansa.

Mai ƙaramin guzuri ba zai yi asara ba. Ful, wato dafaffen wake da mai da lemun tsami, da falafil, wanda ɗan'uwan ƙosai ne sai dai da ganye a cikinsa, da gurasa mai zafi, sun isa su riƙe mutum har dare. Garin ya kuma yi suna da soyayyar hanta mai yaji a cikin burodi. Ruwan sha dai na gora.

La'asar: Kurnish da ɗakin karatu

Daga Bahari zuwa ɗakin karatu ƙananan motocin haya da mutanen garin ke kira mashru suna bin gaɓa ba ƙaƙƙautawa, kuɗinsu kaɗan ne, ana miƙa shi hannu zuwa hannu har ya kai ga direba. Ka ce al-Maktaba kafin ka shiga. A hanya za ka wuce Manshiya, dandalin da Jamal Abdul Nasir ya tsaya a ranar 26 ga Yulin 1956 ya bayyana cewa mashigin Suwes ya koma hannun Masar. Abu ɗaya nake so ka riƙe da gaske game da Kurnish: titi ne mai faɗi, motoci suna gudu sosai, kuma ba sa tsaya wa mai ƙafa. Inda akwai hanyar ƙarƙashin ƙasa ka bi ta ko da za ta ƙara maka tafiya, inda babu kuwa ka jira 'yan gari su taru ka tsallaka a tsakiyarsu.

Ka yi ƙoƙari ka isa ɗakin karatu da sauran aƙalla awa biyu kafin a rufe. An buɗe shi a Oktoban 2002, kusa da inda ake jin tsohon ɗakin karatun zamanin Baɗalasa, sarakunan Girkawa da suka mulki Masar bayan Iskandar, yake, kuma kamfanin Snøhetta na ƙasar Norwe ne ya zana shi. Rufinsa faifai ne mai faɗin mita 160 da ya karkata yana fuskantar teku, bangon wajensa kuma dutsen Aswan ne da aka sassaƙa wa haruffa daga rubuce-rubucen duniya kimanin 120. Ƙofar shiga tana ta bayan ginin, gefen jami'a, ba ta gefen teku ba. Za ka ajiye jaka a ma'ajiya, ka sayi tikiti, ka shiga. Zauren karatun ɗaki ne guda mai hawa 7 da ke gangarowa kamar matakala, yana ɗaukar masu karatu 2,000, hasken rana yana shigowa ta rufi ba tare da ya bugi littafi kai tsaye ba. Ka tuna cewa ɗalibai ne ke karatu a ciki, ka rage murya.

Akwai gidajen tarihi huɗu a cikin ginin. Idan lokaci na ɗaya ne kawai, ka zaɓi na rubutattun littattafan hannu, inda za ka ga tsoffin kwafin Alƙur'ani da na hadisi da na likitanci. Wanda ya san gafaka da tawadar zaure zai kwatanta hannun marubutan gabas da irin namu na Magrib, ya ga inda suka rabu a ɗigon fa'un da ƙafun. La'asar kuwa ka tambayi ma'aikata wurin salla, ko ka yi ta kafin ka shiga.

A nan ne mutane sukan ce a garzaya Muntaza, lambun sarauta da ke can ƙarshen gabas, inda mai mulkin Masar na lokacin, Khidiwi Abbas na Biyu, ya gina fada a 1892. Wuri ne mai kyau, amma nisansa daga nan ya haura kilomita 10, kuma cunkoson yamma a Kurnish yana iya cinye awa guda zuwa, awa guda dawowa. Ka bar shi sai wata tafiyar da za ka kwana.

Magariba da komawa

Da ka fito, ka tsallaka zuwa gefen ruwa ka kama tafiya yamma a hankali, teku tana hannunka na dama yanzu. Wannan ne lokacin da mutanen garin ke fitowa da iyalansu su zauna a kan katanga, masu gasa masara da masu shayi suna kai da komo, masu fatsa sun jera sandunansu. Ka sami wuri ka zauna, ka sayi shayi, rana za ta faɗi ta gefen da ganuwar da ka hau ɗazu take. Kada zafi ko sha'awa su sa ka shiga ruwan, ko a nan ko a wani bakin yashi, idan iyonka na kogi ne: teku tana da jan ƙasa da ke ɗauke ƙafar mutum ta mayar da shi ciki, kuma ba a ganinsa daga sama.

Idan an kira magariba, masallacin Ƙa'id Ibrahim yana kusa da dandalin Raml, ba nisa da gaɓa, ana gane shi da doguwar hasumiyarsa mai agogo. Shi ma Mario Rossi ne ya zana shi. Daga Raml zuwa Mahaɗɗat Misr tafiyar ƙafa ce ta kamar minti 20 ta titin Nabi Daniyal, wanda a ƙarshensa na kusa da tasha akwai rumfunan masu sayar da tsoffin littattafai, inda ake ciniki kamar a kowace kasuwa. Ka sake duba tikitinka tun kana masallaci, ka tabbatar daga wace tasha jirginka zai tashi, domin akwai waɗanda aka sayar musu na Sidi Gabir ba su lura ba, kuma daga Raml zuwa can sai da mota. Ka isa tasha da sauran rabin awa, ka sayi ruwa da ɗan abin taɓawa a waje, ka nemi lambar taragonka a jikin jirgin kafin ka hau, sannan ka fito da rigar nan mai kauri daga jaka, domin na'urar sanyaya taragon dare tana da ƙarfi.